Hoton da Ya Jira Huɗuba

Ranar Juma'a ce, dab da la'asar, Alhaji Baha'uddeen ya dawo daga cin abinci ya tarar da kwaɗon ƙofar bayan kantinsa yashe a ƙasa, an datse shi. Dilar shaddar da ta iso masa daga Kano a makon, wadda ko igiyarta ba a kwance ba, babu ita babu alamarta. Kafin ya gama salati mutanen Zongo sun cika lungun, maza da jallabiyar sallah, mata da hannuwa duk miya.

Ba a wahala wajen neman ɓarawo ba. Tun bara ƙungiyar 'yan kasuwa ta kafa kamerori a lungunan kantuna, don haka aka buɗe wayar Alhaji nan take. Sai ga Iliya, mai yi masa dako da babur mai ƙafa uku, a sunkuye, hannunsa riƙe da kwaɗon. Lokacin da ke jikin hoton kuwa can bayan an watse daga masallaci ne, sa'ad da kowa ke gida gaban kwano.

Iliya ya rantse har muryarsa ta dishe, amma rantsuwa ba ta hana shi shan duka ba. Da ƙyar Ɗan Malam, dattijon da ake kai wa ƙarar unguwa, ya ƙwace shi ya kulle a ɗakin ajiyarsa. Ya ce Zongo ba ta gaggawar kai ɗanta waje. An ba Iliya zuwa azahar ɗin Lahadi: ko ya fito da kaya, ko a miƙa shi kwamisariya, hannun 'yan sanda, iyalinsa kuma su kwashe nasu daga gidan Alhaji.

*

Da safiyar Asabar Dela, matar Iliya, ta shigo gidan su Nabila ba ko sallama, goyo a bayanta.

«Ke kika haɗa abin nan da ya ci mana mutunci,» in ji ta. «To ki je ki tambaye shi, tunda ke yake jin maganarki. Mijina ko alawa ya tsinta a hanya sai ya yi cigiya.»

Nabila ba ta musa ba. Ita ce ta rubuta umarnin da ke tafiyar da akwatin rezo, wato hanyar sadarwar unguwa, wani ɗan baƙin ƙarfe da ke maƙale a ɗakin ƙungiya kusa da masallaci, wanda duk hoto da murya na Zongo ke bi ta cikinsa. Ta yi karatun na'ura a jami'a, amma ba irin na zane-zane masu kyau a fuskar waya ba. Nata aikin na can ƙasa ne, inda ba ado, inda mutum ke rabon wurin ajiya da hannunsa kamar mai aunar gero. Kakanta, an ce, ya sha bin sawun jakunan fataken goro idan aka sace su, shi ya sa idan rezo ya ɓace ta gano inda ya maƙale, sai tsofaffi su ce jini ne, mai bin sawu ta gado.

A ƙofar gida ta tarar da Rilwanu a kan motonsa mai ƙafa biyu. Shi ne mai kula da mikro da lasifikan masallaci, kuma shi ne saurayin da aka sa musu rana bayan Sallah. Kallo ɗaya ya yi wa jakar kayan aikinta ya gane inda za ta.

«Ma sheri, masoyiyata, ki bar maganar nan. Hoto ba ya ƙarya.»

«Hoto ba ya ƙarya, amma ni na san hanyar da yake bi kafin ya iso.»

«Za ki jawo wa kanki baki ne kawai.» Idanunsa sun yi ja, kamar wanda bai samu barci ba. Ta ɗauka tausayin Iliya ne, sai ƙaunarsa ta ƙara cika mata zuciya.

*

Ɗakin ajiyar Ɗan Malam yana warin tsohon goro da buhun algarara. Iliya na zaune a kan tabarma, idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe.

«Malama, ni ne a hoton, ban ce ba ni ba ne,» ya ce. «Kowace Juma'a sai na je na jijjiga kwaɗon nan kafin in wuce masallaci. Alhaji ne da kansa ya ɗora mini. Ina jijjigawa ina jin liman ya fara gyaran murya, na ruga.»

«Bayan sallah fa?»

«Na tafi unguwar Kuluba cin benga, wake da shinkafa.»

«Wa ya gan ka?»

Ya yi wata 'yar dariya mai ban tausayi. «Wa ke kallon fuskar mai dako? Mai abincin ma kuɗina ta kalla.»

«To ka ce lokacin da ka taɓa kwaɗon huɗuba za a fara, ba bayan sallah ba.»

«Wallahi, Malama. In ƙarya nake, kada Allah ya nuna mini girman 'yata.»

Ta ɗauki jakarta ta fito.

*

A bakin titi, majalisar masu shayi ta riga ta samo wa Iliya abokin laifi. Lassane, in ji su. Ba shi ya hau ya ɗaura kamerorin ba? Ba shi da makullin ɗakin ƙungiya? Sannan ba ɗan Zongo ba ne, Bamoshe ne daga Kosodo, me zai hana?

Ta same shi a saman tsani yana gyara wata eriya. Da ta gaishe shi ya amsa da «Lafi bala,» lafiya lau a yarensu, amma fuskarsa ba lafiya a cikinta.

«Na ji abin da suke cewa,» ya ce da Hausarsa mai gutsure-gutsure. «Jiya ni ina Kosodo, ana sunan ɗan ƙanwata. Na ci shinkafa har na kasa tashi. Ki tambayi duk kartiye, duk unguwa. Makulli kuma, bon, tun watan jiya na mayar wa Ɗan Malam. Ku Hausawa, in rezo ya yi kyau, sai ku ce Lassane ɗan'uwa. In kaya ya ɓace, Lassane Bamoshe.»

Kunya ta kama ta kamar ita ta faɗa. Ta kira Ɗan Malam a waya, ya tabbatar makullin na aljihunsa. Wannan sawun ya mutu.

*

Ta karɓi makullin ta shiga ɗakin ƙungiya, ta jona na'urarta da akwatin. Maimakon ta kalli hoton Iliya kaɗai, kamar yadda kowa ya yi, sai ta kalli na gabansa da na bayansa.

Kafin hoton akwai wani dogon giɓi, kamerar lungun ba ta aiko komai ba. Sannan sai hotuna suka zubo a jere: Iliya da kwaɗo, Iliya ya juya baya, wata akuya, sai wani dattijo da darduma a kafaɗa yana sauri ya nufi masallaci. Dukkansu lokaci ɗaya ne a jikinsu, ba bambancin ko ƙiftawar ido.

Wa ke sauri zuwa masallaci da darduma bayan an idar?

Ta san amsar, don da hannunta ta rubuta ta. Hanyar rezon Zongo siririya ce. Duk abin da zai wuce, akwatin na yanka shi ƙanana-ƙanana, abin da suke kira pake, ya zuba kowane a mazubinsa, ya jera su a layi. Mazuban kuma ƙidayayyu ne. Lokacin da aka fara aika huɗuba kai tsaye zuwa wayoyin mata da marasa lafiya a gida, dattawa suka yi ƙorafin muryar liman na yankewa. Suka ce maganar Allah ba za ta tsaya a bayan hoton akuya ba. Sai ta raba layin biyu, ta rubuta cewa muddin mikron masallaci na kunne, layin huɗuba ne kaɗai zai motsa. Na kamerori ya tsaya cak. Waɗanda suka riga suka shiga mazubi su jira, waɗanda suka zo bayan mazubai sun cika a zubar da su. Na'urar da ke adana hotuna kuwa, lokacin isowa take bugawa, ba lokacin ɗauka ba.

Ta gwada don ta tabbatar. Ta kunna layin huɗuba, ta je lungun ta tsaya gaban kamera ta ɗaga hannu, ta dawo ta zauna har gumi ya jiƙa mata mayafi, sannan ta kashe. Sai ga ta a hoto tana ɗaga hannu, da lokacin da take zaune a kujera.

Iliya ya faɗi gaskiya. Amma farin cikinta bai daɗe ba, don wata tambayar ta taso. Hoton ya fito ne can bayan sallah da nisa. Ke nan jiya mikro ya ci gaba da aiki bayan liman ya sallame, yana tura shirun masallaci a gaban layi, kamerori kuwa a makance. Mantuwa ce, ko wani ya san abin da yake yi?

*

Mutum ɗaya ta sani da ba ta kashe wayarta sai huɗuba ta yanke da kanta: Hajjo, ƙanwar kakarta, wadda ciwon ƙafa ya kwantar. Ɗakinta ta nufa.

«A'a, amarya ce da tsakar rana? Ko kin zo ki ba ni mijin ne tun kafin ya gane ni na fi ki kyau?»

«Riƙe shi, Kaka, in kin iya dafa masa tuwo daga kwance. Jiya kin ji huɗuba?»

«Na ji, har da ƙari. An sallame, na ji ana neman takalma, wani na zagin wanda ya taka masa hula. Sai shiru. Abin nan bai mutu ba. Ina ta jin fanka tana juyi, tattabaru na kuka a rufi. Na ce to, yau mala'iku ake sa mana. Har na fara gyangyaɗi.»

«Babu kowa a ciki?»

«Ko tari babu. Sai can na ji wani ya shigo a guje yana haki kamar an koro shi. Yana ta astagfirullah, astagfirullah. Sai wayarsa ta yi ƙara.» Tsohuwar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ƙanƙance murya. «Ma sheri Nabila, ina masallaci, ban fita ba tun ɗazu, ina karatu. Zan kira ki. Sai ƙit, abu ya mutu. Na ce oho, ashe samarin yanzu har a ɗakin Allah suke sheri-sheri! Ke, lafiya? Me ya sami fuskarki?»

Nabila ta duba wayarta. Kiran da ta yi wa Rilwanu jiya yana nan. Lokacinsa da lokacin da ke jikin hoton Iliya ba su da maraba.

Ta fita ba ta san ta yi wa Hajjo sallama ko ba ta yi ba. A ƙarƙashin bishiyar mangwaron gidansu ta durƙushe, a daidai bencin da Rilwanu yake zama idan ya zo zance bayan la'asar. Samari da yawa sun zo wurin nan, duk wanda ta fara yi wa maganar aikinta sai ya yi hamma ya koma yabon idonta. Rilwanu ne kaɗai ya saurara. Saboda wannan sauraron ta so shi. Ta tuna ranar da ta zana masa layuka biyu a ƙasa da tsinke, ya tallafe haɓa yana kallon ta kamar tana rera waƙa, sannan ya ce, «Ke nan in huɗuba ba ta ƙare ba, kamera ba ta gani?» Ta tuna yadda ta ji daɗi don ya gane.

Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Ba wanda ya san abin da Hajjo ta ji sai ita. Tana iya wanke hoton Iliya ta yi shiru a kan sauran. Amma ta san Zongo. In ba a ga ɓarawo ba, za a ce mai dako ya ci da wayo ne kawai, Alhaji ba zai sake ba shi ko ƙyalle ya ɗauka ba, 'yarsa kuma ta tashi ana nuna ta da baki.

*

Ranar Lahadi bayan azahar zauren Ɗan Malam ya cika. Alhaji Baha'uddeen na kan kujera yana kaɗa ƙafa. Lassane ya tsaya a bakin ƙofa hannu a harɗe. An fito da Iliya, Dela na rakuɓe a bayan labule. Rilwanu ya zauna can gefe, kansa a ƙasa.

«Baba, ku ba ni izini in yi magana,» in ji Nabila.

«Bisimilla, 'yata.»

«Kun san famfon bakin kasuwa. Mata na jera jarkoki a layi. To a ce an yi doka, muddin kurar ruwan masallaci na ɗiba, ba jarkar da za ta matsa. Wadda ta kawo tata da hantsi, sai ta samu ruwa da yamma. In wani ya gan ta ɗauke da ruwa da yamma, zai ce da yamma ta zo?»

«Yarinya, shaddata nake nema, ba ruwa ba,» Alhaji ya katse ta.

«Alhaji, ku dubi wannan.» Ta miƙa masa hoton dattijo mai darduma. «Wane ne?»

Ya ƙura ido. «Ai Malam Abduljalil ne. A gefena ya yi sallah.»

«To lokacin da ke jikin hotonsa ɗaya ne da na Iliya. Ko dai Malam ya sake komawa Juma'a ta biyu, ko kuma hotunan nan tun farkon huɗuba aka ɗauke su, suka tsaya a layi. Ni na tsara layin haka. Duk abin da ya faru a lungun bayan nan, akwatin zubar da shi ya yi, don mazubansa sun cika.»

Zauren ya ɗauki guna-guni. Ɗan Malam ya ɗaga hannu. «To ai huɗuba ba ta kai wannan lokacin ba.»

«Ba ta kai ba, Baba. An bar mikro a kunne.»

Duk idanu suka koma kan Rilwanu. Ya ɗago yana murmushin da bai kai ido ba. «Mantuwa ce, Baba. Ina ciki ina karatu, ban lura ba.»

Yanzu ne. Ta kalle shi, shi ma ya kalle ta, kallon roƙo, irin wanda da a ce jiya ne da ta ba shi ranta a kansa.

«Ba ka ciki, Rilwanu,» ta ce. «Hajjo na saurare. Masallaci ba kowa, sai ka shigo a guje kana istigfari, na kira ka, ka ce mini ba ka fita ba. Kuma duk Zongo mutum biyu ne suka san mikro na makantar da kamera. Ni, da wanda na zana wa a ƙasa a ƙofar gidanmu.»



«Ɗana,» in ji Ɗan Malam a hankali, «in sa a ɗauko Hajjo a kujera?»

Rilwanu ya rufe fuska da tafukansa. Da ya yi magana, ba dattijon ya fuskanta ba.

«Kayan suna unguwar Sisen, gidan gwaggona. Ban taɓa ko yadi ba. Nabila, lefenki ne. Gwaggwanninki sun ce 'yar jami'a ba za a kawo mata atamfar bakin titi ba. Na so in musanya su a babbar kasuwa. Wallahi ban san hoton Iliya zai fito ba, ba ki gaya mini wannan ba.»

«Ban gaya maka ba,» ta ce, hawaye na zuba ba ta share ba. «Amma da ya fito, kana tsaye. Kana kallo suka fasa masa ido. Washegari ka ce mini hoto ba ya ƙarya.»



Alhaji ya miƙe yana faɗa, wasu suka riƙe shi. Ɗan Malam ya tura mutum biyu su raka Rilwanu Sisen su dawo da kayan, ya ce sauran magana sai an zauna da iyayensa. Sannan ya juya ga taron, ya ɗaga murya yadda na waje ma za su ji.

«Iliya ba ɓarawo ba ne. Duk wanda hannunsa ya taɓa shi, ya je har ɗakinsa ya nemi gafara, kafin rana ta faɗi. Har da kai, Alhaji.»

Dela ta saki wata guɗa da ta karye ta koma kuka.

Mutane suka fara fita, kowa na kauce wa idon Nabila. Tana tattara wayoyinta a jaka, sai ta ga ƙafafu masu faso sun tsaya a gabanta. Iliya ne. Ya buɗe baki zai yi godiya, sai ya kalli fuskarta da idonsa ɗaya mai gani, ya fasa. Ya rusuna kaɗan, ya sassauta murya, ya yi mata irin gaisuwar da ake yi a gidan rasuwa.

«Sannu, Malama. Ya haƙuri?»



«Haƙuri sai ma'abocinsa,» za ta ce, amma kalmomin suka ƙi fita. Ta gyaɗa kai kawai.

«Je ka gida, Iliya,» ta ce daga baya. «'Yarka na jiran ka.»